Tafsiri da Hausa a Maraɗi: daga masallaci zuwa bakin tiya

A cikin watan azumi, masallatan Sabon Gari da na sauran unguwannin Maraɗi sukan cika da masu sauraren tafsiri. Mai jan baƙi ya karanta aya da Larabci, malami ya fassara ta da Hausa, sa'an nan ya yi bayani. Wannan tsari ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma dalilinsa a fili yake: yawancin jama'a sun yi karatun allo, sun haddace surori, amma ba su jin Larabci.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754, a ƙasar da take cikin Nijar yau, ya fara wa'azi wajen 1774. Ya zagaya Gobir da Kabi da Zamfara yana yi wa manoma da makiyaya magana da Hausa da Fulatanci. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. A cikin Kitabul Farƙi kuwa ya ambaci zalunci da sunayen da talaka ya san shi da su, irin su jangali da gaisuwar da ake kai wa masu iko.

Wajen 1788, a Sallar layya a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi wa malamai kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya roƙi abu biyar a madadinta. Uku sun shafi wa'azi da masu binsa. Biyun da suka rage ba su shafi malamai ba ko kaɗan: a saki waɗanda aka tsare, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Abin da ya biyo baya sananne ne ga mutanen Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da na Maraɗi, inda sarakunan Katsina suka zauna. Zuriyar waɗanda suka yi yaƙi da masu jihadi su ne yau suke zaune gaban malaman tafsiri.

Rediyo da kaset sun ƙara faɗaɗa abin. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da gidan rediyon Kaduna ya riƙa watsawa ya isa Maraɗi ba tare da tsayawa a iyaka ba, tarjamarsa ta Alƙur'ani zuwa Hausa kuma ta fito cikin 1979. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos cikin 1978, ta samu magoya baya cikin matasan ƴan kasuwar Maraɗi, musamman saboda sukar da ta yi wa almubazzaranci a biki da suna. Gardama ta yi zafi tsakaninta da malaman ɗariƙa, har a wasu gidaje uba da ɗa suka raba masallaci.

Sai dai gardamar ƙablu da sadalu ta cinye lokacin da ya kamata a ba wasu ayoyi. Suratul Muɗaffifina tana magana ne a kan masu tauye awo, kuma tiya ita ce awon hatsi a kasuwar Maraɗi. Cikin 2005, lokacin da kuɗin buhun hatsi ya hau har yara masu tamowa suka cika cibiyoyin jinya na jihar, hatsi bai yanke a kasuwa ba. Kuɗin sayensa ne talaka ya rasa. Manomi da yawa ya ci bashi da damina, ya biya da hatsi a kaka da araha. Malamin da ya fassara ayoyin riba bai ambaci wannan bashi ba, fassararsa ta tsaya a rabin hanya.

Haka maganar gado. A Jiratawa, inda jama'a ta yi yawa gonaki suka yi kaɗan, mata da dama sun rasa gamanar da a da miji yake ba su. Suratun Nisa'i ta yanka wa ɗiya rabin rabon ɗa namiji, ba ta kuma keɓe gona ba. A al'adar da, gonar gandu ba ta fita hannun maza. Matan da suka ji wannan hukunci da Hausa, a makarantun Islamiyya ko a rediyo, sun fara neman rabonsu, wasu ma har gaban alƙali a Maraɗi da Madarunfa.