Siririya a gaba, mai faɗi a baya: Yadda ake zaɓen tayoyin motar gudu

Daga Ƙofar Mazugal zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa, inda 'yan Kano ke sayen kayan mota, ba a rasa mai BMW ko Marsandi da ya zo neman taya. Da yawa buƙatarsu ɗaya ce, a saka musu mai faɗi a baya don motar ta yi kyan zama. Sai dai wannan tsari lissafi gare shi, kuma kuskure a cikinsa kan taɓa birki da giya da aljihu.

Karanta lambar da ke jikin taya

A ɗauki 225/45 R17 94W. Lamba 225 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 45 na nufin tsayin gefenta kashi 45 cikin 100 ne na faɗin. Lamba 17 girman rim ne a inci. Ita kuwa 94 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne, wato kilo 670, sannan W na nuna ta jure gudun kilomita 270 a awa. H na tsayawa a 210, V a 240, Y a 300.

Me ya sa ta baya ta fi faɗi?

A motocin da tayoyin baya ke turawa, kamar BMW 3 Series da Mercedes C-Class, ƙarfin inji a baya yake sauka. Taya mai faɗi ta fi riƙe kwalta idan aka taka wuta, ta gaba kuma ana barinta daidai don sitiyari ya yi sauƙi. Shi ya sa wasu BMW ƙirar E90 suka fito da 225/45 R17 a gaba da 255/40 R17 a baya.

A lura da sirrin waɗannan lambobi. Tsayin ta gaba gaba ɗaya milimita 634 ne, ta baya kuma 636. Faɗi ya bambanta da milimita 30, amma tsayi kusan ɗaya ne. Da a ce mai taya ya ba ka 255/45 R17 saboda ita ke gare shi a shago, tsayin zai koma milimita 661, ƙarin kusan kashi 4 cikin 100.

Wannan ƙari ba ƙaramin abu ba ne. Kwamfutar mota tana ƙirga juyin kowace taya don sarrafa birkin ABS da na'urar hana sulɓi. Idan tayoyin baya suna juyi ƙasa da yadda ta sani, tana iya kunna fitilar gargaɗi ko ta rage wuta ba dalili, malejin gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi. A motoci masu xDrive ko 4Matic, waɗanda ke ja da tayoyi huɗu, bambancin na wahalar da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma gyaransa ya fi kuɗin tayoyin nesa ba kusa ba.

Ba kowace mota ce ke so ba

Toyota Camry da Honda Accord da gaba suke ja. Saka musu mai faɗi a baya ado ne kawai, har yana sa mota ta riƙa zarcewa a kwana maimakon ta bi sitiyari. Audi RS3, wadda nauyin injinta ke kan gaba, akasin haka ma aka yi mata: sabon ƙirarta na ɗauke da 265 a gaba da 245 a baya.

Akwai kuma batun kuɗi. Mai tayoyi huɗu iri ɗaya yana iya musanya na gaba da na baya don su cinye tare. Mai faɗi biyu ba shi da wannan dama, kuma na baya ne ke fara ƙarewa.

Hanyarmu da zafinmu

Rim mai inci 19 da taya mai siririn gefe suna da kyau a hoto, amma rami ɗaya bayan damina ya isa ya kumbura gefen tayar ko ya lanƙwasa rim. A titunan cikin birni, inci 17 da gefe 45 ya fi jimiri. Zafin Kano a watan Afrilu kan kai digiri 40, don haka a nemi tayar da aka rubuta wa A a ma'aunin jure zafi.

Masu sayen 'yar Beljiyam su duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT. Idan aka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, na gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara 4 da ƙera ta, kuma tsohuwar taya na cikin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su.

Kafin a ciro kuɗi, a buɗe ƙofar direba a karanta takardar da kamfani ya liƙa a jikin ginshiƙi ko a murfin tankin mai. Girman taya da yawan iskar gaba da baya duk suna nan. Tayoyi biyu na layi ɗaya su kasance kamfani ɗaya, girma ɗaya. In kuɗin biyu kawai ake da shi, kuma girman huɗun ɗaya ne, sababbin su tafi baya, domin idan baya ya kuɓuce a jiƙaƙƙiyar kwalta, dawo da motar kan hanya sai gwani.