Wace Makaranta Za a Kai Yaron da Ba Ya Amsa Kira?

 Ya ku 'yan'uwa malamai da attajirai da masu tsaron rumfa, ga magana a kan wani irin yaro da ake samu a gidajenmu, wanda akan zalunta ba da nufi ba.

Shi ne yaron da ya kai shekara uku ko huɗu, jinsa lafiya lau, amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya haɗa ido da mutane, ba ya shiga wasan tsaransa. Wani ba ya magana sam, wani kuwa sai ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Yakan jera duwatsu a layi, in an taɓa su ya fashe da kuka, yakan toshe kunne in ya ji ƙarar injin niƙa. Sai mutane su ce iska ce, ko sammu, ko sangarta.

Ku sani likitoci sun san wannan hali, suna ce masa otizim. Wani likitan Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Halitta ce ta ƙwaƙwalwa, gado yana da hannu a ciki, an kuwa fi samunsa ga maza. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar riga-kafi ke kawo shi ba. Babu maganin sha da ke raba yaro da shi, amma horo da wuri cikin lallashi yana taimakonsa ga magana da kula da kansa. Saboda haka matakin farko shi ne a kai shi ga likitan yara a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a gwada jinsa, a tabbatar da abin da ke damunsa.

To, sai makaranta. Makarantar allo ta zaure tana da alheri ga wannan yaro wanda ba kowa ya lura da shi ba. Kowane almajiri da allonsa, ba a yi masa ƙari sai ya iya na jiya, ba a kuma gwada shi da wani. Lokacinta ɗaya ne kullum, wurin zama ɗaya, malami ɗaya, shi kuwa yaron nan ba abin da ke kwantar masa da rai kamar abin da ba ya sākewa. Wasu daga cikinsu ma Allah ya ba su kaifin hadda. Amma tana da illa biyu: hayaniyar karatu da bulala. Malamin da ya karɓe shi sai ya zaunar da shi a gefe kusa da buzunsa, ya biya masa kaɗan-kaɗan tun kafin yara su cika, ya hana gardawa taɓa shi. In ya shekara biyu a babbaƙu bai shiga farfaru ba, ba asara aka yi ba.

Islamiyya da firamare suna koya masa zama da jama'a da ƙidaya da rubutu, muddin ajin bai cika maƙil ba. Dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019 ta hana a ware mutum daga ilmi saboda lalurarsa, don haka uba ya shiga ofishin hedimasta da ƙarfin gwiwa. Akwai kuma makarantu na musamman a manyan birane. Sai dai a bincika, domin waɗansunsu, kamar ta Tudun Maliki a Kano, an fi saninsu da karantar da kurame da makafi, bukatar wannan yaro kuwa daban take.

Ya kai ɗan kasuwa, ba ka sayen turmin atamfa sai ka buɗe ka duba. Haka za ka yi wa makaranta. Je ka zauna wuni guda, ka ƙirga yaran aji, ka ga yadda malami ke yi in yaro ya yi kuka, ka duba ko akwai katanga da mai tsaron ƙofa, gama irin waɗannan yara sukan fice ba su san hatsarin mota ko kududdufi ba. Kada tsadar kuɗi ko kyan gini su ruɗe ka. Halin malami shi ne makarantar.

Abu guda kam ina gargaɗi a kansa da babbar murya: kada a ɗauki wannan yaro a kai shi almajiranci wani gari, balle gidan mari. Wanda bai iya faɗin yunwarsa ba, yaya zai yi bara? Wa zai gaya wa in an cuce shi? Kowa ya ji abin da 'yan sanda suka tarar a 2019 a Kaduna da Daura, mutane ɗaure da sarƙa da sunan gyaran hali. Ya yi karatunsa inda zai kwana a ɗakin uwarsa.

Mu malamai mu tuna Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da ya zo neman sani. Shari'a tana ɗora wa bawa gwargwadon ikonsa, amma haƙƙin tarbiyya ba ya faɗuwa daga wuyan uba. Allah ya shiryi zuriyarmu, ya ba mu haƙurin riƙon amana. Wassalamu.