Nitso cikin teku

Kifi yana numfashi cikin ruwa, amma mutum ba ya iyawa. In ya yi nitso, numfashinsa ya ƙare, dole ya fito.

A shekarar 1943, Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera wata na'ura. Mai nitso yakan goya tukunyar iska, yana shaƙa ta bututu. Da ita yake daɗewa ƙarƙashin teku. A tsibirin Zanzibar, baƙi sukan koyi wannan nitso don kallon kifaye da murjani.

Amma akwai doka: ba a nitso mutum ɗaya, kuma a hankali ake haurowa, don kada huhu ya ji ciwo.

Haka nan a Parakou: kada yaro ya shiga kogin Okpara sai da babba.