CINIKIN SALLA DA ZAMBAR WAYA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Zazzau, musamman waɗanda ke riƙe da Sabon Gari da Samaru da ƙauyukan da ke cin kasuwa a PZ. Nufinta bayyana abu biyu: hakkin da doka ta ba mai saye, da hanyoyin da macuta ke bi ta waya su raba talaka da kuɗinsa. An gama su wuri guda domin lokacinsu ɗaya ne. Daga tsakiyar azumi zuwa jajibere, haka kuma a goman farko na Zulhajji, kuɗi ya kan fito daga ma'ajiya, kowa yana gaggawa, mai gaggawa kuwa ba ya duba gindin mudu.

YADDA CINIKI YA SAKE

Unguwar PZ ta samo sunanta daga kamfanin Paterson Zochonis, wanda Turawa biyu suka kafa a 1884, ya shigo Nijeriya a 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, sai kamfanoni suka gina kantuna kusa da tasha, suna sayen auduga da gyaɗa da fatu, suna sayar da yadi da gishiri da kananzir. Sabon Gari ma a gefen tashar ya tashi.

A wancan zamani abu uku ke tsare mai saye. Na farko idonsa, gama yana ganin kaya yana taɓawa. Na biyu dillali, wanda ya san mai kaya, ya ci la'ada, in rigima ta tashi kuma shi za a nema. Na uku Sarkin Kasuwa, wanda ake kai wa kuka nan take.

A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya. Yanzu bankuna da shagunan waya su ne suka cika PZ. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, sa'ad da aka sake fasalin naira, ya tilasta wa mutane da yawa, har tsofaffi da matan kulle, koyon tura kuɗi ta waya. Wannan sauƙi ne babba, amma wanda ya yi ciniki ta waya ba ya ganin kaya, ba shi da dillali, ba Sarkin Kasuwar da ya san abokin cinikinsa. Abin da ya rage masa shi ne sanin doka da riƙe shaida.

HAKKIN MAI SAYE

Tun fil azal shari'a ta yarda mai saye ya mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Dokar Gwamnatin Tarayya ta kare mai saye ta 2018, wadda ta fara aiki a 2019, ta ƙarfafa wannan. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar kare masu saye da aka yi wa doka a 1992. Ga abubuwan da ya kamata kowa ya sani cikinta:

1. Farashi. Wajibi ne mai kanti ya bayyana kuɗin kayan da ya baje, kada kuma ya karɓi fiye da abin da ya rubuta. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda kuɗin da ke jikin kaya dabam, wanda ake karɓa wurin biya dabam.

2. Faɗin gaskiyar kaya. Laifi ne a kira ƙaramar shadda da sunan babba, ko a sayar da waya gyararriya a ce sabuwa ce. Kayan da aka yi aiki da su lalle a faɗa.

3. Rasit. Mai saye yana da ikon a ba shi takardar ciniki mai sunan mai kanti, da ranar ciniki, da irin kaya, da kuɗin da aka biya.

4. Mayar da kaya. In kaya ya fito da aibi, ko bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, mai saye yana da wata uku ya mayar. Sai mai kanti ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da wasu ke mannawa, wai in kaya ya fita ba ya dawowa, ba ya kashe wannan hakki. Amma wanda aka nuna wa aibi ya ce ya yarda, ko wanda ya ɓata kaya da hannunsa, ko wanda ya sake shawara kurum, wannan sashe ba nasa ba ne.

5. Aikin hannu. Tela ko mai gyaran waya da ya karɓi aiki, wajibi ne ya gama cikin lokacin da aka yanka, in kuwa wani uzuri ya taso ya sanar da wuri. Wanda ya karɓi ɗinkin mutum hamsin alhali ƙarfinsa na ashirin ne, ya san tun farko wasu za su hau idi da tsohuwar riga.

Ban da wannan, abinci da magani na kwali ko gwangwani ko kwalba, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikinsu, gama lokacin Salla ne wasu ke fito da kwantai. Turmin atamfa yadi shida ne, a auna a gaban mai kanti. A duba mudu da tiya ko an buge gindinsu, a zura hannu cikin buhu har ƙasa saboda algus. Ragon layya kuwa a saye shi da rana, a sa ya yi tafiya, a duba ido da haƙori, domin dabba mai bayyanannen aibi ba ta isar wa layya.

HANYOYIN MACUTA TA WAYA

Macucin waya ba ya fasa banki. Mai asusu ya ke lallaɓa har ya buɗe masa ƙofa da kansa. Makamansa biyu ne, tsoro da kwaɗayi, kowanne kuwa ya kan haɗa shi da gaggawa, don kada mutum ya sami sararin shawara. Ga hanyoyin da suka fi yawa:

Ma'aikacin banki na ƙarya. Ya kan bugo ya kira mutum da cikakken sunansa, ya ce za a rufe asusunsa kafin Salla saboda lambar BVN ko NIN ta sami tangarɗa. Sa'an nan ya nemi lambobin jikin katin ATM, da lambar sirri, da lambar da banki zai aiko ta saƙo. Sanin suna ba shaida ba ne, gama ko wurin mai POS ana ganin sunan mai asusu. Ba wani banki da ke tambayar lambar sirri, ko ta waya ko baki da baki.

Tallafi da kyauta. Saƙo ya kan zo wai Gwamnati ko wani attajiri yana rabon tallafin azumi, a latsa wani wuri a cika suna, ko a biya kuɗin rajista kaɗan. Wanda aka ce ya biya kafin a ba shi kyauta, shi ne kyautar.

Ɗan'uwa cikin hatsari. Wannan ya fi damun iyayen ɗalibai, tun da ya ke Samaru garin makarantu ne. A kan bugo wa uba a ƙauye da dare, a ce ɗansa yana asibiti ko yana hannun 'yan sanda, a turo kuɗi maza. Yanzu har akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum. Maganinsa a kashe waya, a kira yaron a lambarsa da aka sani, ko abokin kwanansa.

Sace WhatsApp. Wani ya kan bugo da sunan ƙungiyar masallaci ko ta tsofaffin ɗalibai, ya ce za a yi taro, a karanta masa lamba shida da ta shigo. Da an karanta ya ƙwace shafin, ya shiga roƙon rance da sunan mai shi. Mutum mai daraja, kamar Hakimi ko Dagaci, shi suka fi nema, domin kunya ba ta barin mutane su tambaye shi.

Cinikin biri a sama. Ana baje hoton leshi ko takalma ko rago a Facebook da TikTok da rabin kuɗin kasuwa. Da kuɗi ya shiga sai layi ya mutu. Araha ba ta ado. In ba a san mai kaya ba, a biya bayan kaya ya iso hannu, ko a aiki wani amintacce ya gani da idonsa.

Alat na ƙarya. Wannan kan 'yan kasuwa ya ke faɗawa. Mai saye ya nuna hoton tura kuɗi, ko saƙo ya shigo kamar daga banki, alhali ba abin da ya shiga. Kada a saki kaya sai mai kanti ya duba abin da ke cikin asusunsa da kansa. Haka nan wanda ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, a ce ya bi ta banki.

Har wa yau, a cunkoson jajibere a kan sace waya, ɓarawo ya cire layi ya kwashe asusu da shi. Kowa ya sa wa layinsa lambar kulle, kada kuma ya ajiye lambar sirri a rubuce cikin waya.

IN ABU YA RIGA YA AUKU

Kuɗin zamba ba ya kwana wuri ɗaya, a kan rarraba shi cikin asusu da yawa nan da nan. Saboda haka sa'ar farko ta fi mako guda na baya amfani.

Da fari a sanar da banki a rufe asusu da kati. Kowane banki yana da lambar da za a danna ko da wayar wani, ya kamata kowa ya tambayi tasa tun lafiya lau. In layi aka sace, a je ofishin kamfanin waya a rufe shi. Sa'an nan a kai ƙara ga 'yan sanda, ko ofishin EFCC na Kaduna. Zamba laifi ce a dokar Final Kot ta Jihar Kaduna, haka kuma a dokar laifuffukan intanet ta 2015.

In banki ya ƙi sauraro, ko ya yi shiru har mako biyu bayan an kai kuka a rubuce, sai a ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. In kamfanin waya ne ya ƙi gyara, a kira hukumar NCC a lamba 622, kyauta ne. Rigimar kanti kuwa a fara da mai kanti, sa'an nan shugabannin kasuwa, in ta gagara a kai ga FCCPC ko kotu.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI DA MALAMAI

Hakimi ba alƙali ba ne a wannan sha'ani, amma bakinsa yana kai wa inda takardar Gwamnati ba ta kai. Ana roƙon a tara Dagatai da masu unguwa da limamai kafin goman ƙarshe, a bayyana musu wannan, a kuma yi shela ranar kasuwa. Maganar ta zama gajeriya yadda tsohuwa za ta riƙe: kada a faɗa wa kowa lambar sirri, kada a biya abin da ba a gani ba, a karɓi rasit. A tabbata saƙon ya shiga cikin gidaje, gama mata da yawa suna saye da sayarwa ta waya daga ɗakunansu.

Ana roƙon kuma a zauna da Sarkin Kasuwa da shugabannin teloli da na masu sayar da waya, a yi musu nasiha. Ɗan kasuwa mai gaskiya shi ya fi kowa riba in aka kori algus daga layinsa.

Malami kuwa, in mai kuka ya zo, ya rubuta ranar da abin ya auku da sa'a, da lambar da ta bugo, da sunan asusun da aka tura wa kuɗi da lambarsa da bankinsa, da adadin kuɗin. Ya hana mai kuka goge saƙonni. Kada shi kansa ya tambayi lambar sirri, kada kuma ya rubuta ta. In an ga lamba ɗaya ta maimaitu cikin littafin ƙara, a sanar da 'yan sanda da Hakiman maƙwabta.

Abu na ƙarshe, kada a yi wa wanda aka cuta dariya ko faɗa a gaban jama'a. An cuci malamai, an cuci attajirai da ma'aikata. Kunya ce ke sa mutum ya yi shiru har kuɗinsa ya yi nisa, macucin kuma ya koma kan maƙwabcinsa da wannan dabara. Wanda ya faɗa da wuri ya taimaki unguwarsu duka.

Allah ya kai mu Salla lafiya, ya tsare talakawa daga hannun macuta, amin.