Zaɓen Kwamfutar Tafi-da-gidanka Ga Ɗalibin Ilmi

Iyaye da ɗalibai daga Gambaga, Yendi, Salaga da Bawku suna yawan tambayarmu irin kwamfutar da ya kamata a saya wa yaron da zai tafi Kwalejin Horon Malamai ta Gambaga ko jami'ar UDS ta Tamale. Kowa yana son marar nauyi, mai sauri, mai fuska tangaran, kuma da araha. To, a sani ukun nan ba sa haɗuwa sai da kuɗi masu yawa. Dole a sadaukar da ɗaya.

Dalilin kuwa zafi ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in tana da ƙarfi tana shan wuta, tana fid da zafi, sai ta buƙaci babbar fanka da babban batir, nauyi ya ƙaru. Shi ya sa mai inci 14 kan tsaya wajen kilo ɗaya da rabi, amma irin ta masu wasanni takan kai kilo biyu da rabi, ban da cajarta. Siririya kuma in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta lalace. Ga ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iska, ga zafin Maris da Afirilu da kan haura digiri 40 a arewacin nan.

Mu a ganinmu, ɗalibin da aikinsa karatu ne ya fara duba fuskar kwamfutar. Yawancin littattafan Larabci da ake saukewa hotunan shafuka ne, wasu bugun dā masu ƙananan haruffa, da sharhi da hashiya a gefe. Fuska mai 1366 da 768 ɗigonta miliyan ɗaya da 'yan kai ne. Mai 1920 da 1080 kuwa ya haura miliyan biyu. A ta farko sai ba da ya su yi kama, fataha da shadda su cakuɗe, yaro ya yi ta ƙara girman shafi har ido ya gaji. Kuma mun san ɗigo ɗaya yana juya ma'ana. A nemi nau'in da ake kira IPS, wadda rubutunta ba ya dushewa in an kalle ta daga gefe, domin ɗalibai uku kan zauna gaban kwamfuta ɗaya suna bita. A guji mai sheƙi kamar madubi, don a zaure ko a inuwar bishiya fuskarka za ka riƙa gani. Sai dai ƙara haske yana cin batir, kuma ba kullum wutar NEDCo take nan ba.

Batun sauri ba shi da wahala. Maktaba Shamila da Word ba sa buƙatar wani ƙarfi na musamman. RAM mai gigabayit 8 da ma'ajiyar SSD sun wadatar, sai fa mai karatun injiniya ko tace bidiyo.

Da yawanmu ta hannu za mu saya a Tamale ko Kumasi, kuma babu laifi. ThinkPad da Latitude suna da juriya, kayan gyaransu kuma ana samu. Amma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na takwas, in ban da 'yan kaɗan. A cire caja a shagon a ga yadda batir ke sauka. A buɗe farin shafi a duba ko akwai tabo. Sannan a yi sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce. Fiƙihu ya ba mai saye zaɓin mayar da haja in aibin da aka ɓoye ya bayyana, amma daga Bawku zuwa Kumasi tafiyar yini guda ce, kuma ba kowane mai shago ne zai tuna da kai ba in babu takarda.