Ɗan Tafkin Kifin Zinare a Tsakar Gida da Wutar Sola

Kifin zinare ɗan asalin ƙasar Sin ne. Kakanninsa kifayen ruwan daɗi ne masu launin toka-toka, sai masu kiwo suka riƙa ware waɗanda suka fito ja ko ruwan ɗorawa suna haɗa su, tun zamanin daular Song, tsakanin shekarar 960 da 1279. Ya isa Turai a ƙarni na 17. A tafki mai kyau yakan yi shekara goma zuwa ashirin, tsawonsa ya kai santimita 20 zuwa 30, don haka ƙaramar kwalbar da aka saba ganinsa a ciki kurkuku ce kawai.

Tun wajen zaɓen wuri ake fara cin karo da matsala: tafki na son inuwa, farantin sola kuwa na son rana. Kifin ya fi sakewa a ruwa mai ɗumin digiri 18 zuwa 24, saboda haka a ƙasashen da zafin bazara ke haura digiri 40 dole tafkin ya samu inuwa daga azahar zuwa la'asar, ko ta katanga ko ta rumfa. Gindin bishiya bai dace ba, domin ganyen da ke zuba yana ruɓewa a ruwa. Farantin sai a ɗora shi a rufin ɗaki, yana ɗan kallon kudu idan ana arewacin duniya, a ja waya zuwa tafkin.

Rami mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya da zurfin santimita 60 yana ɗaukar lita 1,200. Ƙara zurfi ya fi ƙara faɗi amfani, domin ruwa mai zurfi ba ya saurin zafi. Ana tsince duwatsu da saiwoyi, a shimfiɗa yashi, sannan a rufe da roba mai kauri wadda aka yi don tafki, a danne bakinta da duwatsu. Wanda ya gina da siminti sai ya yi haƙuri, ya cika ya zubar sau da yawa cikin 'yan makonni, saboda sabon siminti yana sakin sinadarin da ke ƙona jikin kifi.

Lissafin wuta shi ne inda aka fi yin kuskure. Akwai ƙananan famfuna masu araha da ake jona su kai tsaye da faranti, ba batir. Suna fesa ruwa gwanin sha'awa da tsakar rana, gajimare na giftawa su tsaya, da magariba kuma su kwanta. To, kifi ya fi buƙatar motsin ruwa ne da dare. Da rana tsirrai da gansakuka suna sakin iskar oksijin a ruwa. Da dare su ma shaƙa suke yi tare da kifin, har iskar ta yi ƙasa ƙwarai gab da asuba. Zafi na ƙara tsananta lamarin: lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa bai fi 7.5 ba. Duk wanda ya ga kifayensa da sassafe a saman ruwa suna buɗe baki, ga dalilin nan.

Maganin shi ne batir da kwanturolar caji. Ana son famfo ya juya dukan ruwan tafkin sau ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma ƙarami mai bolt 12 da ke cin wat 10 zai iya wannan aiki. Idan ya wuni ya kwana yana aiki, ya sha wat-awa 240. Inda ake samun awa biyar na rana mai ƙarfi, a takarda faranti mai wat 50 ya isa, amma asarar waya da caji da ranakun hadari sun sa mai wat 80 zuwa 100 ya fi kwanciyar hankali. Batir mai ruwan acid ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka mai amfiya-awa 40 zai raka famfon har gari ya waye.

Famfon ya riƙa tura ruwa ta cikin matata, ko da bokiti ne da aka cika da soso da tsakuwa, ruwan ya dawo yana zubowa daga sama. Aikin matatar ya wuce tare datti. Kashin kifi yana sakin amoniya, wadda guba ce, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin soson ne ke sauya ta zuwa nitarait, daga nan zuwa nitaret mai sauƙin illa. Kafin su yawaita sai an yi mako huɗu zuwa shida, shi ya sa ake fara da kifi biyu, a ƙara sannu a hankali har biyar ko shida. Soson kuma da ruwan tafkin ake ɗauraye shi, domin kulorin da ke cikin ruwan famfon gida yana kashe bakteriyar.

Bado da kainuwa suna ba da inuwa da maɓoya daga zalɓe da kyanwa, sai dai kainuwa, da yake dashen Allah ce, in ba a rage ta ba za ta rufe fuskar ruwan baki ɗaya. Abinci kuwa gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku. Ragowar ita ke ɓata ruwa. Kifin zinare kuma yana cin tsutsar sauro.

Duk mako a kwashe kashi ɗaya cikin goma na ruwan a ba shuka, a maye shi da wanda ya kwana biyu a buɗe. Lokacin hazo a riƙa goge ƙurar faranti da safe. Gidan da ke da ƙananan yara ya kewaye tafkin da shinge ko ya rufe shi da ragar ƙarfe. Idan kifayen sun hayayyafa sun yi yawa, a kyautar, kada a zuba su a rafi ko dam, domin a can sukan yi girma su takura wa kifayen wurin.