Itacen Da Ya Kamu Da Cuta Ba Lalle Ne Ya Mutu Ba

Sau da yawa idan manomi ya ga lemunsa ko mangwaronsa yana zubar da ƙaro, ɓawo ya tsattsage, rassa suna bushewa, sai ya ɗauko gatari ya kayar, ya bi kututturen ma ya tone. Manoman Mabai da sauran ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a dakata tukuna.

Ran itace yana ƙarƙashin ɓawonsa, a ɗanyen wurin nan mai laushi. Ta nan abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Cutar funfuna, dangin wadda ke fitowa a kan tsohon tuwo, takan shiga ta rauni ta riƙa cin wannan wuri. Idan ta kewaye itacen, sama ya bushe ke nan, kamar yadda maɗaci yake bushewa idan masu sassaƙe suka ɓare shi kewaye. Idan ba ta kewaye ba, da sauran rai.

Akwai wani babban itace a Amurka da Turai, sunansa casnat, ana cin 'ya'yansa, ana yin katako da shi. A 1904 aka fara ganin funfuna a jikinsa a birnin Niyok, ta shigo ne tare da dashen da aka kawo daga Asiya. Wajen 1950 ta kashe itatuwa fiye da biliyan 3. Amma fa irin bai ƙare ba. Cutar ba ta cin saiwa, don haka kututture yakan yi toho, tohon ya girma 'yan shekaru, cuta ta kashe shi, wani ya fito.

Abin mamaki a Italiya ya faru. Cutar ta ɓulla can a 1938, kowa ya fid da rai. Bayan 1950 sai wani masani, Antonio Biraghi, ya lura wasu itatuwan gyambonsu yana warkewa, sabon ɓawo yana rufe shi. Daga baya Jean Grente na Faransa ya gano funfunar da ke jikinsu ta yi rauni. Ashe ita ma wata ƙwayar cuta ce, watau bairos, ta kama ta. Da ƙarfinta ya ragu sai ta tsaya a saman ɓawo, itacen ya sami sararin yin tsiro ya killace ta. Har manoman Faransa suka riƙa ɗaukar raunanniyar funfunar suna sa wa gyambon itatuwansu. A Amurka dabarar ba ta yi tasiri sosai ba, sun kuma riƙa haɗa irinsu da na ƙasar Sin mai jure cutar.

Mu a nan ba mu da casnat, amma kututture mai rai kowa ya san shi. Manoman Maraɗi tun wajen 1984 suke barin tohon kututture a gona, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran. Suna kiransa sassaben zamani, kuma ya mayar da itatuwa miliyoyi gonakin Nijar.

To, sai dai cutar ƙaro ta lemu ta sha bamban, domin ita cikin ƙasa mai laima take zaune. Kada a tara ƙasa ko taki a jikin gindin, kada a bar ruwan ban-ruwa ya kwanta yana taɓa shi. A kankare ruɓaɓɓen ɓawo da wuƙa mai tsabta har a kai lafiyayye, a nemi malamin gona ya nuna maganin shafawa. Busassun rassa a sare a ƙone, a wanke addar kafin a taɓa wani itacen da ita.

Idan sama ya mutu, a ba kututturen damina guda a gani. Amma in itacen mai aure ne, tohon da ya fito ƙasa da mahaɗa na uwar gindi ne, sai an sake yi masa aure kafin ya ba da 'ya'ya irin na da.